Jinjiri Ba Ya Ƙiba: Kafin A Ce Nonon Uwa Ya Kasa, A Dubi Karnen Awo

A cikin shirin kiwon lafiya da nake gabatarwa a rediyo, babu tambayar da mata suka fi bugo waya a kanta kamar wannan: yarona ba ya ƙiba, nonona ba ya isar shi, mi zan ba shi? Daga Maraɗi ake bugowa, daga Damagaram, daga Tawa, har da ƴan uwanmu mazauna Yamai. Mafi yawansu ƴan kasuwa ne, masu saida kayan miya, masu tuya, masu fura, waɗanda ke fita tun da safe da goyo a baya, ba su komowa gida sai magariba. Wasu kafin su bugo sun riga sun fara ba jinjirin kunu ko nonon akuya. Wasu kuma sun ci bashi sun sayi madarar gwangwani.

Na daɗe ina amsa tambayar da abin da ungozomomi da likitoci baƙin shirin suka koya mini. Amma sai da abin ya shigo gidanmu na gane nauyinta.

Ƙanwata tana saida tumatir da tattasai a kasuwar Maraɗi. Ta haifi ɗanta na fari da nauyin kilo 3 da garam 100. Da aka kai shi allurar rigakafi yana da sati 6, ma'auni ya nuna kilo 4 da garam 300, kowa ya ji daɗi. Bayan arba'in ta koma kasuwa. Da aka sake auna shi yana da sati 10, sai aka ga kilo 4 da garam 500. Garam 200 kaɗai ya ƙaru cikin wata guda. Da dare ta kira ni tana kuka, ta ce: "Yaya, Inna ta ce nonona ne ba ya da kyau, ya tsinke kamar ruwa. Ta ce gobe za a fara ba shi nonon akuya." Inna ita ce uwar mijinta, tsohuwa mai son jikanta ƙwarai, kuma ta raini ƴaƴa tara. Na roƙe su su jinkirta kwana guda, mu koma likita tare.

Ungozomar da muka tarar ba ta fara da taɓa nonon ba. Tambaya ta yi: yaya ranarki take wucewa? Sai ga amsa ta fito da kanta. Yaron yana kwana a baya tun daga ƙarfe 8 har kusan azahar, sabili da rijin tafiya da ɗumin goyo na sa shi barci. In ya farka ya yi kuka alhali masu saye sun taru, sai a ɗiga mishi ruwan leda ya yi shiru. Ga kuma kunyar ɗan fari, ba ta iya zaunawa ta ba shi nono gaban mutane. Da aka ƙidaya, sau biyar ko shida yake sha a yini da kwana, kuma kowane a gaggauce. Ungozoma ta ce nonon lafiyarshi lau, yaron ne ba ya samun isasshen lokacin sha.

Abin da ma'auni ya kamata ya nuna

Ɗan kasuwa ya san ido ba mudu ba ne. Ba wanda zai sayi buhun hatsi don ya ga ya yi tsawo, sai an zuba a tiya. Haka girman jinjiri yake, da ma'auni ake sanin shi.

A kwanakin farko bayan haihuwa kusan kowane jinjiri yana rage nauyi, wani har kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari na nauyin da aka haife shi da shi. Wannan ba ciwo ba ne. Kafin ya cika sati biyu ya kamata ya maida nauyinshi na haihuwa. Daga nan har wata uku, jinjiri mai lafiya yakan ƙaru da kimanin garam 150 zuwa 200 a kowane sati, wasu ma fiye. Daga wata uku zuwa shida saurin yana raguwa, ya koma kamar garam 100 zuwa 150 a sati. Yawancin yara suna ninka nauyinsu na haihuwa wajen wata biyar, kuma su kai kusan ninki uku in sun cika shekara. Ma'aikatan lafiya suna da iyakar da suke dubawa: jinjirin da bai kai wata shida ba, in abin da ya ƙaru da shi bai kai garam 500 a wata ba, to akwai abin bincike.

A lura da raguwar nan ta bayan wata uku, don tana ruɗin uwaye da yawa. Yaron da ya yi ɓul-ɓul a wata biyu, in ya kai wata biyar sai ya fara miƙewa, kumatu su ragu, yana birgima yana harbin iska. Uwa ta ce ya rame. Alhali hanyar girma ce ta kowane yaro.

Layin da ke cikin karnen awo yana da tarihi. A 2006 ne hukumar lafiya ta duniya OMS ta fito da sabon ma'aunin girman yara, bayan binciken da aka yi daga 1997 zuwa 2003 a kan yara kimanin 8,500 a ƙasashe shida: Gana, Indiya, Oman, Barazil, Norwe da Amurka. Yaran da aka shayar da nonon uwa ne aka ɗauka abin misali. Ma'aunin da aka yi amfani da shi kafin nan, na 1977, an gina shi ne bisa yaran Amurka waɗanda akasarinsu madarar gwangwani suka sha. Bisa sabon ma'aunin, matsakaicin nauyin ɗa namiji kilo 3.3 ne a haihuwa, kilo 7.9 a wata shida, kilo 9.6 a shekara. Ɗiya mace kuma kilo 3.2, kilo 7.3 da kilo 8.9. Matsakaici ke nan, wato rabin yara masu lafiya suna ƙasa da waɗannan lambobi. Don haka kada ki gwada ɗanki da ɗan maƙwabciyar rumfarki. Abin dubawa shi ne layin yaronki da kanshi: in yana hawa wata bayan wata, yana bin hanyarshi, to alhamdu lillahi. In ya kwanta ko ya sauko, a tashi tsaye. Awo guda ba ya faɗin komi, sai an haɗa biyu ko uku. Shi ya sa ranakun allurar rigakafi, sati 6, sati 10, sati 14, suke da amfani biyu, kuma bayan su ma kamata ya yi a riƙa kai yaro awo kowane wata.

Alamun da ke ruɗin uwa

In ka tambayi mace mi ya sa ta ce nononta ba ya isa, amsa huɗu ko biyar za ka ji, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ke tabbatar da maganar.

Ta farko, yaro yana yawan kuka. Jinjiri yana kuka don yunwa, amma yana kuka don zafi, don jiƙaƙƙen zane, don kumburin ciki, don hayaniyar kasuwa, ko don yana son a ɗauke shi. Kukan jinjirai ma yakan fi yawa wajen sati shida, musamman da marece, sannan ya ragu bayan wata uku.

Ta biyu, yana neman nono kowane lokaci. Nonon uwa yana saurin narkewa a ciki, kuma cikin jinjiri ƙarami ne. A ranar farko abin da yake ɗauka bai wuce ƙaramin cokali ɗaya ko biyu ba a sha guda. Shan nono sau 8 zuwa 12 a yini da kwana shi ne daidai a watannin farko. Akwai kuma kwanakin da yaro ke maƙalewa a nono kamar ba ya ƙoshi, kwana biyu ko uku, sannan ya koma yadda yake. Ta haka yake sa jikin uwa ya ƙara yawan nonon.

Ta uku, nonon ya yi laushi, ba ya cika ya yi tauri kamar lokacin jego. Bayan sati shida zuwa wata uku jikin uwa ya gane gwargwadon abin da yaro ke buƙata, sai ya daina tarawa fiye da kima. Girman nono ma ba shi ne yawan ruwan ba. Mai ƙaramin nono tana iya shayar da tagwaye.

Ta huɗu, in an tatsa sai a ga ya tsinke. Nonon da ke fara fitowa a kowane sha tsinkakke ne, yana kashe ƙishirwa. Gwargwadon yadda yaro ya daɗe yana tsotsa, gwargwadon yadda maiƙo ke ƙaruwa a ciki, kuma maiƙon nan yana taimakawa wajen ƙoshi da ƙiba. Uwar da ke cire yaro bayan minti biyu don mai saye ya zo, ta hana shi kaiwa ga mai kauri. Gwajin da tsofaffi ke yi na jefa tururuwa cikin nono don a ga ko yana da kyau, ba ya nuna komi game da nonon. An raba yara da yawa da abincinsu sabili da shi.

Alamu biyu ne abin dogaro. Ɗaya ma'auni. Ɗaya kuma fitsari: jinjirin da ya wuce kwana biyar, wanda ba a ba shi komi sai nono, in yana fitsari sau shida ko fiye a yini da kwana, fitsarin kuma fari ba mai ƙarfin wari ba, to yana samun abin sha. Amma a kula, in ana ba shi ruwa, ƙidayar fitsari ba ta da amfani, don zai yi ta fitsari alhali yana rama.

Abin da aka kwashe shi ake maidawa

Ƴan kasuwa sun fi kowa sanin wannan ƙa'ida. Mai kawo miki kaya daga ƙauye yana dubin abin da kika saida ne. In kayan jiya suna nan jibge, gobe kaɗan zai kawo. Jikin uwa haka yake aiki. Tsotsan yaro yana aika saƙo zuwa ƙwaƙwalwa, ita kuma ta saki sinadarai biyu, ɗaya yana sa a ƙera nono, ɗaya yana sa ya zubo. Na farkon ya fi yawa da dare, shi ya sa shayarwar dare take da daraja. In nono ya daɗe cike ba a kwashe ba, jiki yana ɗaukar cewa ba a buƙata, sai ya rage. Uwa mai shayarwa sosai tana samar da kimanin kashi uku cikin huɗu na lita a kowace rana.

Ga yadda tarkon yake kama mata. Uwa ta ji tsoron nono ba ya isa, ta ba yaro kunu ko ruwa. Cikinshi ya cika, ya rage tsotsa. Nono ya ragu da gaske. Ta ƙara kunu. Kafin wata biyu abin da take tsoro ya tabbata, ta ce ai dama na faɗa. Sa'ar da ake da ita ita ce hanyar tana juyawa: in aka ƙara yawan shayarwa dare da rana, cikin ƴan kwanaki nono yakan fara dawowa.

Ruwa, bauri da zafin bazara

A nan ne gardama ta fi zafi. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Tawa da Damagaram, wa zai yarda jinjiri ba ya buƙatar ruwa? Inna da kanta ta ce hana yaro ruwa alhaki ne. Amsar ita ce, kusan kashi 88 cikin ɗari na nonon uwa ruwa ne. Yaron da ke jin ƙishi, a ba shi nono, ya samu ruwa mai tsabta tare da abinci. Uwar ce za ta sha ruwa gwargwadon ƙishinta. Ruwan da aka ɗura ma jinjiri yana cike gurbin nono ba tare da ya ƙara mishi ko garam ɗaya ba, kuma ta nan zawo ke shiga. Zawo ɗaya yana iya cinye ƙibar wata guda. Haka bauri da sauran jiƙe-jiƙe suke, haka ruwan sukari.

Tun 2001 OMS ta ba da shawarar a ba jinjiri nonon uwa zalla har wata shida, ba ruwa, ba kunu, sai maganin da likita ya rubuta, sannan a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara biyu ko fiye. Shekara biyun nan dama Alƙur'ani mai girma ya ambace ta a Suratul Baƙara, aya ta 233. A ƙasarmu kusan kowace uwa tana shayarwa, kuma tana daɗewa tana yi. Inda muke da rauni shi ne zallar. Babban binciken lafiyar jama'a na 2012 ya nuna kashi 23 cikin ɗari kaɗai na jinjiran Nijar ƴan ƙasa da wata shida ke shan nono zalla.

A nan ya dace a tuna da dakashi, nonon farko mai kauri da ake zubarwa a wasu gidaje. Shi ne rigakafin farko na yaro. Sa jinjiri a nono cikin awa ɗaya bayan haihuwa yana kare shi, yana kuma sa nonon ya zo da wuri.

Yadda yaro ya kama

Wani yaron yana yini a nono amma ba ya samun komi, don kan nonon kaɗai ya kama. Ungozoma ta nuna ma ƙanwata abubuwa huɗu da za ta duba. Bakin yaro ya buɗe sosai. Haɓarshi ta taɓa nonon. Leɓen ƙasa ya juyo waje. Baƙin da ke kewaye da kan nono ya fi fitowa ta saman bakin fiye da ta ƙasa. Cikin yaro ya fuskanci cikin uwa, kai da jiki a miƙe, ba wuya a murɗe ba. In ya kama daidai, za ki ga yana ja a hankali, yana hutawa, kina jin haɗiya. In kina jin zafi, ko kan nonon ya tsage, ko kumatun yaron suna lotsawa, kamun bai yi ba. Ki sa ɗan yatsa ta gefen bakinshi ki cire shi, ki sake sa shi. A bar shi ya saki nono ɗaya da kanshi, sannan a ba shi ɗayan. Sha na gaba a fara da wanda aka ƙare da shi.

Dabarun ƴar kasuwa

Ba wanda zai ce ma mace ta rufe rumfa wata shida, don da cinikin ake cefane. Amma akwai abin da za a iya.

Kada a jira kuka. Jinjirin da ke ƙarƙashin wata uku, musamman wanda awonshi ya tsaya, kada ya wuce awa biyu zuwa uku da rana bai sha ba. In barci ya ɗauke shi a baya, a kwance goyo, a tashe shi. Yaron da ba ya samun isasshe sau da yawa shiru yake yi, yana ta barci, ana yabon shi da haƙuri. Motsa baki, tsotsar hannu da juya kai su ne kiran farko.

A nemi wurin zama da inuwa a bayan kaya, a yafa mayafi. Maƙwabciyar rumfa ta tsare miki kaya minti goma sha biyar, gobe ke ma ki tsare mata. Mata masu goyo da ke layi ɗaya a kasuwar Dole ta Damagaram ko Katako ta Yamai suna iya shirya wannan tsakaninsu ba tare da an kashe ko dala ba. Kunyar ɗan fari tana da wurinta a al'adarmu, amma kada ta kai ga cikin yaro.

Wadda ke zuwa cin kasuwar ƙauye, ta tafi da jinjirinta in da hali. In dole ne a bar shi gida, ta wanke hannu da sabulu, ta tatsa cikin kofi mai murfi da aka wanke da tafasasshen ruwa, a ajiye a wuri mafi sanyi a ɗaki, a ba shi da kofi ko cokali. Cikin zafinmu kada ya wuce awa huɗu. Kwalbar shayarwa tana da wuyar wankewa, datti na maƙalewa a robarta. Ita ma uwar ta tatsa a can inda take in nonon ya cika, don kada ya ragu. In ta komo, ta rama da shayarwar marece da ta dare.

Game da abincin uwa, mai shayarwa tana buƙatar ƙarin kamar kwano ɗaya a rana bisa abin da ta saba. Ba sai mai tsada ba: fura da nono, wake, gujiya, ƙuli-ƙuli, zogala, ƙwai, kifi ko nama in an samu. Mace da yawa tana yini a kasuwa tana saida abinci, ita ba ta ci ba. Jikin uwa yana ci gaba da yin nono mai kyau ko da abincinta ya yi ƙaranci, amma daga jikinta yake cira, ita ce ke ramewa. Saboda haka kuɗin da za a sa a madarar gwangwani, a sa shi a kwanon uwa. Kunun jego yana da amfani don hatsin da ruwan da ke ciki. Yawan kanwa kuwa likitoci suna gargaɗi a kanshi, sabili da yana wahalar da zuciyar mai jego.

Lokacin da ba a jira

Kada wannan bayani ya sa a ɗauka kowane jinkirin girma gyaran zama ne kawai. Akwai yaran da ciwo ke hana su ƙiba: zawo, ciwon huhu, ciwon fitsari, zazzaɓin cizon sauro, ciwon zuciya na haihuwa, farin ƙuraje a baki, ko harshe mai ɗaure ta ƙasa. Bakwaini da wanda aka haifa ƙasa da kilo 2 da rabi suna saurin gajiya a nono, suna buƙatar kulawa ta daban. Akwai kuma mata kaɗan da nononsu ke ƙaranci da gaske: wadda ta zubar da jini mai yawa wajen haihuwa, wadda guntun mabiyiya ya saura a cikinta, wadda ke fama da ciwo mai tsanani, ko wadda ta fara wani nau'in ƙwayar tazarar haihuwa da ke rage nono. Akwai nau'in da ya dace da mai shayarwa, ungozoma ta san shi. Sabon ciki ma yana rage yawan nono, amma ba ya mai da shi guba, don haka ba dalilin yaye yaro dare ɗaya. Waɗannan mata ba laifinsu ba ne, kuma zargi ba ya ƙara musu komi sai damuwa, ita kuma damuwa tana hana nono zubowa.

A kai yaro likita ranar, ba sai gobe ba, in ya ƙi nono ko ya kasa tsotsa, in jikinshi ya saki ba ya tashi daga barci, in maɗigarshi ta faɗa, in fitsari ya ɗauke ko ya yi ja, in yana amai da duk abin da ya sha, in numfashi ya yi sauri, in jiki ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙwarai, ko yana jijjiga. Haka nan in ya cika sati biyu bai maida nauyin haihuwa ba, ko awo biyu a jere layin bai hau ba. Faɗawar maɗiga alama ce ta ƙarewar ruwan jiki, shafa magani a ka ba ya maido shi.

A 2006 ne gwamnati ta yanke shawarar kula da yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta, shekara guda bayan matsalar tamowa ta 2005 da mutanen Maraɗi ba su manta ba. Jinjirin da ramarshi ta yi tsanani ana tura shi daga CSI zuwa sashen CRENI na asibiti. A can akwai dabarar da ake yi ma ƴan ƙasa da wata shida: ana manna siririn tiyo a jikin nonon uwa, ɗaya bakin cikin kofin madara ta magani, yaro yana tsotsa yana samun madarar, tsotsan kuma yana tada nonon uwar har ya iya riƙe shi shi kaɗai. Ku ga ko a asibiti, nonon uwa ake ƙoƙarin maidowa. Plumpy'nut kuwa magani ne na yaran da suka kai wata shida, kuma ma'aikacin lafiya ne ke rubuta shi. Kada a saye shi a tebur a lasa ma jinjiri.

Madarar gwangwani tana da ranarta, ga maraya ko wanda likita ya tabbatar uwar ba ta iyawa. Amma tana son tafasasshen ruwa kowane sha, da awo daidai, da kuɗin gwangwani bayan gwangwani har watanni. In kuɗi ya yi ƙasa sai a fara tsinka ta da ruwa, a nan yaro ke lalacewa. Madarar gari ta shayi da mai kaurin nan mai zaƙi ba abincin jinjiri ba ne. Nonon akuya da na saniya sun yi ma ƙodar jinjiri nauyi, ga ƙwayoyin cuta in ba a dafa ba. Kunu kuma kafin wata shida cika ciki ne kawai. In wata shida ya cika, sai a fara da kunu mai kauri da aka inganta da gujiya, wake ko ɗan mai, nono kuma yana nan.

Kira ga maza da surukai

Mace ba ta yanke wannan hukunci ita kaɗai. A gidaje da yawa maganar kaka ce ke ci, kuɗin kuma na maigida ne. Malam, in matarka ta ce nono ba ya isa, ka tambayi karnen awo kafin ka nufi kanti. Ka rage mata ɗaukar ruwa da daka, ka ga ta ci ta ƙoshi. Iyayenmu mata kuma, a tafi da su wurin awo su ji da kunnensu. Mun tafi da Inna, kuma ita ce ta fi kowa yi ma ungozoma tambaya.

Abin da aka shirya ma ƙanwata ba shi da yawa. An daina ruwan leda. Tana kwance goyo kowane awa biyu, ƙanwar mijinta tana zama a rumfa lokacin. Da dare yaron yana kusa da ita, cikin gidan sauro, yana sha duk sa'ad da ya motsa. Ba a sayi komi ba sai ƙarin fura da wake domin uwar. Bayan sati biyu ma'auni ya nuna kilo 4 da garam 850. Ranar allurar sati 14 ya kai kilo 5 da garam 300. Inna ta karɓi karnen ta duba layin, ko da yake ba ta karatun boko, ta ce: "To, ɗiyata, ashe nonon na nan." Akuyar da aka ɗauro domin jinjirin, ƴan gidan ne suka sha nononta.

Daga 1 zuwa 7 ga watan Agusta na kowace shekara ana makon shayar da nonon uwa a duniya, za ku ji ana ta maganar a rediyo. Amma awon ɗanki ba ya jiran Agusta. Ki nemo karnen yau, ki dubi ranar awo na ƙarshe. In ya wuce wata guda, ki ware safiya ɗaya ki kai shi. Allah ya raya muna zuriya, ya ba masu goyo lafiya da albarkar kasuwa, amin.